Ra'ayin Masu Sharhin Waƙa da Matsayinsa a Wurin Mai Sauraro

Sharhin waƙa shi ne a saurari waƙa ko kiɗa da kunnen basira, a bayyana abin da ke ciki, a nuna inda aka gwaninta da inda aka yi rauni, sannan a sanar da jama'a. Mai yin wannan aiki yana iya zama ɗan jarida, ko malamin jami'a, ko mai gabatar da shiri a rediyo, ko dattijon da ya daɗe a fada har kunnensa ya nuna. Tun da aka soma wannan aiki ake jayayya a kan ko mai sauraro yana da buƙatarsa. Wasu suna ganin daɗin waƙa tsakanin kunne ne da zuciya, babu gurbin mutum na uku. Wasu kuma suna ganin waƙa wani fanni ne na ilimi, kuma kowane fanni yana da masanansa. Tarihin sana'ar ya nuna cewa kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Maganar mai sharhi tana da nauyi ƙwarai inda take ba da ilimi, nauyinta yana raguwa inda take fassara, kuma ba ta da ikon yanke wa kowa abin da zai ji daɗinsa.

Mai sharhi da waɗanda ake rikita shi da su

Akwai mutane uku da suke magana a kan waƙa waɗanda ba aikin sharhi suke yi ba, kuma rikita su da mai sharhi shi ne yake dagula muhawarar tun daga tushe. Na farko shi ne mai tacewa. Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana da ikon doka: tana iya hana waƙa fita, tana iya kai mawaƙi kotu. Tambayarta ita ce ko waƙar ta saɓa wa ƙa'ida, ba ko an tsara ta da kyau ba. Na biyu shi ne malami mai wa'azi, wanda yake duban halacci da haramci da tarbiyya. Wannan ma'auni ne mai zaman kansa, kuma waƙar da ta tsira a wurinsa tana iya zama lami a fagen fasaha, kamar yadda wadda ya tsine wa take iya zama an zuba mata gwaninta. Na uku shi ne mai talla, wanda aka biya don ya kuranta hajar wani.

Mai sharhi na gaskiya ba shi da sandar hukuma, ba ya kan mumbari, kuma bai karɓi kuɗin kowa ba. Makaminsa ɗaya ne, wato hujjar da kowa zai iya komawa ga waƙar ya gwada da kunnensa. A kan wannan mutum ne tambayar take.

Inda sana'ar ta samo asali

Alƙalancin waƙa ya girmi jarida nesa ba kusa ba. Littattafan adabin Larabci sun ruwaito cewa kafin zuwan Musulunci akan kafa wa Nabigatuz Zubyani jar hema ta fata a kasuwar Ukaz, mawaƙa su zo su karanta masa baitocinsu ya fifita wani a kan wani. A Bagadaza, Halifa Haruna Rashid ya sa manyan mawaƙan fadarsa, ciki har da Ibrahim al-Mausili, su zaɓo masa waƙoƙi 100 da suka fi kowaɗanne. A kan wannan zaɓi ne Abul Faraj al-Isfahani ya gina littafinsa Kitab al-Agani a ƙarni na 10, inda ya kawo kowace waƙa da wanda ya tsara ta, da wanda ya sa mata murya, da labarin da ya haife ta. Muryoyin sun ɓace tun da daɗewa, amma sunayen mawaƙan da labarinsu sun wanzu saboda wannan littafi. A Bagadaza kuma aka yi jayayya tsakanin Ishaƙ al-Mausili, mai kare tsohon salon rerawa, da Ibrahim ɗan Halifa Mahdi, mai sassauta ƙa'idoji da shigo da sabon salo. Rikicin tsoho da sabo ke nan, tun a ƙarni na 9.

Sharhi a matsayin sana'ar da ake ci da ita ya bunƙasa ne a Turai, lokacin da kiɗa ya fita daga fadoji da majami'u ya koma zauren da ake shiga da tikiti. Mai sayen tikiti yana son sanin abin da zai kashe wa kuɗinsa, jaridu kuwa suka samar masa da mai gaya masa. Robert Schumann na Jamus ya rubuta sharhin da ya ɗaga sunan makaɗi Chopin a 1831, ya kafa mujallar kiɗa a Leipzig a 1834, sannan a 1853 ya gabatar wa duniya makaɗi Brahms yana ɗan shekara 20. A ƙarni na 20 faifan garmaho da rediyo suka faɗaɗa kasuwar, mujallu irin su Rolling Stone, wadda aka kafa a Amurka a 1967, suka mayar da sharhin faifai wani shafi da matasa suke jira.

Sharhin waƙa a ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa ta daɗe da nata masu auna waƙa, ko da yake ba a takarda suke yi ba. A fada, sarki da fadawansa su ne alƙalai, kuma hukuncinsu a aikace yake fitowa: riga, ko rawani, ko doki, ko kuma shiru. Makaɗan fada suna sauraron juna da kunnen kishiya, suna gane wanda ya ari salon wani, suna kuma mayar wa juna martani a cikin waƙa. A dandali da filin dambe da gidan biki, taro ne yake hukunci nan take, da liƙi ko da watsewa. Da Gidan Rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, sai aka sami sababbin alƙalai iri biyu: ma'aikacin da yake zaɓen faifan da zai sa, da masu aiko da katin zaɓe a shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka.

Rubutaccen nazari ya biyo baya. M. G. Smith ya wallafa maƙala a kan roƙo da waƙar yabo a 1957. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shimfiɗa hanyar nazari a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, kuma da kalmomi irin su turke da gindin waƙa da ɗiyan waƙa da rauji ɗalibai suke feɗe waƙa har yau. Mujallar Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, ta buɗe fili ga muhawara a kan waƙoƙin finafinai. A 2006 aka wallafa Shata Ikon Allah, tarihin rayuwar Shata wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka rubuta.

Akwai giɓi guda a wannan tarihi. Nazarin jami'a ya fi karkata ga kalmomin waƙa fiye da sautin kiɗanta, kuma ya fi yawa a kan mawaƙan da suka riga suka kafu. Al'adar a ɗauki sabuwar waƙa a makon fitarta a auna ta a jarida ba ta yi ƙarfi a Hausa ba. Wannan gurbi ne shafukan Facebook da YouTube da TikTok suka cike, inda masani da masoyi da mai talla da mai gaba suke magana da murya iri ɗaya, ba a gane wane ne wane.

Hujjar masu cewa babu ruwan mai sauraro da sharhi

Babbar hujjarsu ita ce yawan kuskuren da masu sharhi suka tafka. An fara nuna wasan waƙa mai suna Carmen a birnin Faris a watan Maris na 1875, jaridu da yawa suka yi masa ca, suna cewa labarinsa bai dace da mutanen kirki ba. Georges Bizet da ya tsara shi ya mutu bayan wata uku, bai ga yadda wasan ya zama cikin waɗanda aka fi nunawa a duniya ba. A 1881 Eduard Hanslick, mai sharhin da ya fi kowa tasiri a babban birnin Ostiriya, ya yi kaca-kaca da kiɗan gogen Turawa da Tchaikovsky na Rasha ya tsara, kiɗan da a yau kowane gwanin wannan goge yake koyo. A 1969 mujallar Rolling Stone ta kushe faifan farko na ƙungiyar Led Zeppelin ta Ingila, jama'a kuwa suka saye shi kamar hauka.

Waɗannan kurakurai ba tsautsayi ba ne, suna da dalilai da suke maimaita kansu. Na farko shi ne ma'aunin jiya. Mai sharhi ya ƙware ne a kan abin da ya riga ya saurara, saboda haka ƙwarewarsa tana fuskantar baya. Idan sabon salo ya zo, abin da zai fara ji shi ne ƙa'idar da aka karya, kafin ya ji wadda aka kafa. Hanslick ba jahili ba ne. Iliminsa ne ya toshe masa kunne.

Dalili na biyu shi ne matsayi. Sau da yawa abin da ake kira ingancin waƙa darajar masu sauraronta ce aka sa wa wani suna. A tsarin gargajiyar Hausa, tambari da kotso da taushi kayan kiɗan fada ne, kalangu kuwa an san shi da mahauta da 'yan dambe da dandalin 'yan mata. Mamman Shata da kalangu ya fito, yana yi wa direba da ɗan kasuwa da manomi waƙa kamar yadda yake yi wa sarki. A ma'aunin matsayi bai kamata a haɗa shi da makaɗan fada ba, amma jama'a suka ɗaga shi, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, shekara 11 kafin rasuwarsa a 1999. Haka Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013: kiɗan ƙwarya na matan aure ne a cikin gida, kuma matan da suke rawar amadarta sun san darajarta tun kafin masu nazari su waiwaye ta.

Dalili na uku shi ne kuɗi da kusanci. A ƙarshen shekarun 1950 ta bayyana a Amurka cewa kamfanonin faifai suna biyan masu gabatar da shirye-shiryen rediyo a asirce don su riƙa sa waƙoƙinsu, majalisar dokoki ta bincika, kuma a 1960 aka yi dokar da ta tilasta bayyana irin wannan biya. Ko babu cin hanci, kusanci kaɗai yana isa. Jon Landau ya rubuta sharhin da ya haskaka mawaƙi Bruce Springsteen a 1974, daga baya ya zama mai kula da harkokinsa. Hangensa ya yi daidai, amma labarin yana nuna yadda katangar da ke tsakanin mai sharhi da mawaƙi take da gajarta. A inda masu rubutu da mawaƙa suke gari ɗaya, suna haɗuwa a biki da suna, faɗin aibin waƙar aboki abu ne mai wuya.

Bayan waɗannan duka akwai hujjar da ta fi ƙarfi. Waƙa ba a kunne kaɗai take aiki ba. Tana manne da lokacin da aka ji ta, da wanda aka ji ta tare da shi, da halin da ake ciki. Waƙar da aka kai amarya da ita tana da wani matsayi a zuciyar wannan mata wanda babu nazarin da zai rage shi ko ya ƙara shi. A wannan fage kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Hujjar masu cewa sharhi yana da amfani

Amfani na farko shi ne buɗe abin da yake rufe. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, da Hausar yankinsa yake waƙa, cike da kalmomin sarauta da na doki da na yaƙi waɗanda matashin Kano ko na Damagaram na yau bai taɓa ji ba. Waƙar fada kuma zambo da habaici ne rabinta. Makaɗi ba ya kama sunan ɗan sarkin da yake hamayya da ubangidansa. Yakan siffanta shi da wata dabba ko wata tawaya, mutanen garin su gane, su yi dariya. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, amma mai sauraron da ya zo bayan shekara 60 bai sani ba. Idan masani ya gaya masa wane ne ake nufi, da rikicin sarautar da ya jawo wannan ɗan waƙa, sai waƙar da yake ji a matsayin daɗin murya kawai ta zama labari mai rai. A nan sharhi bai umarce shi da ya so waƙar ba, ƙara masa abin so ya yi.

Haka yake a ɓangaren sauti. Mai sauraro yana iya jin daɗin Musa Ɗanƙwairo shekara da shekaru bai lura da yadda 'yan amshinsa suke karɓar zance daga bakin jagora su ƙarasa shi ba, ko yadda Ɗanmaraya Jos yake cike gurbin 'yan amshi da kuntiginsa shi kaɗai. Da zarar an nuna masa sau ɗaya, kunnensa ya samu ke nan, zai kuma riƙa jin haka a waƙoƙin da mai sharhin bai taɓa ambata ba.

Amfani na biyu shi ne adanawa. Kasuwa tana da mantuwa, domin abin da ake saye yau shi take tunawa. Waƙoƙin Salihu Jankiɗi da Sa'idu Faru da Ɗan Anace da Kassu Zurmi sun kai ga matasan yau ne ta hannun ma'aikatan rediyo da suka naɗe su, da masu nazarin da suka bi ƙauyuka suka rubuta matanoninsu da tarihin masu su. Zaɓen abin da za a adana shi kansa hukunci ne, kuma al'ummar da ba ta da masu yin wannan hukunci da sani za ta wayi gari da abin da dace kawai ya bar mata.

Amfani na uku shi ne tankaɗe. Manhajar Spotify kaɗai tana ɗauke da waƙoƙi fiye da miliyan 100. Babu mai ran da zai saurare su, saboda haka dole wani ya zaɓar wa mutum abin da zai kai kunnensa. Wanda ya ce shi kunnensa kawai yake bi bai lura ba ne cewa kafin waƙar ta iso shi ta bi ta hannun mai tura waƙoƙi a kasuwar waya, ko mai sa kiɗa a gidan biki, ko lissafin manhaja da yake turo masa abin da ya yi kama da na jiya.

An gwada wannan a aikace. A 2006 mujallar Science ta wallafa binciken Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts na Jami'ar Kolombiya ta Amurka. Sun buɗe shafin intanet mai waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba, mutum fiye da 14,000 suka shiga. An bar wani rukuni ya zaɓa ba tare da ganin zaɓin kowa ba, sauran kuma aka raba su rukuni takwas, kowanne yana ganin yawan waɗanda suka sauke kowace waƙa a rukuninsa. Sakamakon ya nuna cewa inda mutane suke ganin zaɓin juna, waƙar da ta yi gaba da farko sai ta ƙara nisa, kuma wadda ta yi fice a wani rukuni tana iya zama a baya a wani. Waƙoƙi mafi kyau ba su cika faɗuwa ƙasa warwas ba, mafi muni ba su cika hawa sama ba, amma a tsakani komai yana iya faruwa. Ma'anar wannan ita ce farin jini ba shi ne inganci ba, kuma mai sauraron da ya kori mai sharhi ba 'yanci ya samu ba. Ya sauya jagora ne, daga mutum mai suna da hujja zuwa taron da ba ya ba da dalili.

Maganganu uku da suke cikin kowane sharhi

Hanyar warware jayayyar ita ce a rarrabe abin da mai sharhi yake faɗa, domin maganarsa iri uku ce a cakuɗe. Akwai bayani: wane ne ya yi waƙar, yaushe, da wane kayan kiɗa, daga ina aka ɗauko karinta. Wannan ana iya tabbatar da shi ko a ƙaryata shi, kuma wanda ya sani ya fi wanda bai sani ba, babu zancen ra'ayi. Akwai fassara: mene ne turken waƙar, wa ake yi wa habaici, me ya sa aka sauya rauji a wuri kaza. Wannan ana yarda da shi gwargwadon shaidar da aka kawo daga cikin waƙar, kuma fassara biyu masu saɓani suna iya zama kowace da madogara. Sannan akwai hukunci: wannan ta fi waccan, wannan ba ta cancanci a saurare ta ba. Hukunci yana da daraja ne kawai idan yana tsaye a kan na farko da na biyu, kuma ko da ya tsaya, shawara ce.

Matsayin mai sharhi ya yi kama da na dillali a kara. Yana buɗe bakin sa ya faɗi shekarunsa daga haƙora, yana gane ciwon da mai saye ba zai gani ba, kuma wanda ya raina wannan sani zai sayi asara. Amma ba shi zai yi noma da san ba, kuma mai hankali yakan tambayi kansa daga hannun wa dillalin zai karɓi la'ada.

Muhawarar waƙoƙin fiyano

Babu inda wannan rarrabewa ta fi fitowa fili kamar a muhawarar da ta biyo bayan shigowar fiyano cikin waƙar Hausa. Daga ƙarshen shekarun 1990, ɗakunan naɗar sauti na Kano suka koma amfani da fiyano samfurin Yamaha wajen haɗa waƙoƙin finafinai, inda namiji da mace suke amsa wa juna a kan soyayya. Aka kira su nanaye, masu kishin gargajiya kuma suka yi musu rubdugu: kwaikwayon Indiya ne, na'ura ta kori makaɗa, muryoyin duk iri ɗaya ne, kalmomin ba su da zurfi, kuma yayi ne da zai wuce.

Idan aka tankaɗe waɗannan zarge-zarge, sai a ga ba nauyinsu ɗaya ba. Batun aro daga Indiya bayani ne, kuma an tabbatar da shi. Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin waƙoƙin finafinan Hausa da aka ɗauko karinsu daga finafinan Indiya, Brian Larkin kuma ya yi rubutu a kan yadda wasu masu bandiri a Kano suka ɗora begen Annabi a kan irin waɗannan karuruwa. Mai sauraron da ya san haka ya ƙaru, ko ya ci gaba da son waƙoƙin ko ya daina. Batun raguwar masu koyon kotso da kukuma da gurmi shi ma damuwa ce mai tushe. Amma hukuncin cewa fiyano ba za ta iya ɗaukar zance mai nauyi ba, lokaci ya rushe shi. Aminu Ladan Abubakar Ala ya yi waƙoƙin ilimi da na sarauta a kan wannan fiyano da Hausar da ake nazarinta a jami'o'i, kuma a zamanin Sarki Muhammadu Sanusi II fadar Kano ta naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙa. Kuskuren masu sukar shi ne auna waƙar soyayya ta minti biyar da ma'aunin waƙar fada, alhali kowace da aikin da aka yi ta dominsa. Da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi a 2020, ta hanyar bidiyon rawar da mata suka riƙa ɗorawa ta yaɗu, ba ta jira yardar wani masani ba. Wannan bai tabbatar da ingancinta ba, bai kuma kore shi ba. Ya nuna dai cewa yaɗuwa da inganci tambayoyi biyu ne daban.

Yadda mai sauraro zai auna mai sharhi

Tunda mai sharhi yana auna waƙa, shi ma akwai abin da ake auna shi da shi. Abu na farko shi ne mutum ya saurari waƙar kafin ya karanta abin da aka ce a kanta, domin hukuncin da ya riga shiga kai yana canza abin da kunne yake ji. Bayan haka sai ya duba ko mai sharhin ya nuna wuri a cikin waƙar, wato ɗa kaza, ko inda kiɗa ya sauya, ko kalmar da aka tilasta don amsa-amo, ko kuwa yabo da kushe ne kawai babu shaida. Sai ya duba ko ya san irin waƙar da yake magana a kai, domin gwanin waƙar fada yana iya zama baƙo a waƙar hip-hop, haka ma akasin haka. Sai ya lura ko aikin ake suka ko mutumin, domin wanda ya bar waƙa ya koma kan asalin mawaƙi ko jam'iyyarsa ya fita daga sharhi. Wannan ya fi muhimmanci a waƙoƙin siyasa, inda yabo da zagi suke bin layin jam'iyya. Daga ƙarshe sai ya bi mai sharhi guda na wani lokaci, ya gane inda kunnensu yake haɗuwa da inda yake rabuwa. Mai sharhin da aka san karkatarsa yana da amfani ko da ana saɓa masa kullum, domin kushensa ma yakan zama ishara.

Ra'ayin mai sharhi, ke nan, ya cancanci mai sauraro ya ba shi muhimmanci gwargwadon abin da ya ƙara masa na sani da na ji. Inda ya kawo tarihi da ma'ana da sirrin tsari, a karɓa a gode. Inda ya kawo fassara, a koma ga waƙar a gwada. Inda ya yanke hukunci, a nemi dalilinsa, a ajiye shi gefen hukuncin kai. Mutum yana iya yarda cewa waƙa an tsara ta da gwaninta amma ba ta taɓa zuciyarsa ba, yana kuma iya son wata alhali ya san rauninta. Sharhin da ya kai mai sauraro ga iya rarrabe waɗannan biyun da kansa ya yi aikin da ake buƙata daga gare shi.